Kafin Ki Zuba Jari, Zana Unguwarku

 Yau hirarmu a kan sana'a ce, da yadda za ki zaɓi wurin da za ta karɓu.

Sau da yawa mace za ta kwashi adashe, ta ga maƙwabciya na cinikin ƙosai, ita ma ta sayi wake da mai. Bayan wata biyu jari ya karye, a ce maƙiya ne. Alhali masu ƙosai huɗu ne a layin, masu saye kuwa ba su ƙaru ba.

Manyan kamfanoni ba sa buɗe kanti sai sun duba taswirar jama'a: mutum nawa ne a wurin, yara ne suka fi yawa ko manya, ma'aikata ne ko manoma. Suna dogara da alƙaluman ƙidaya, irin wadda aka yi a Nijeriya a 2006, wadda ta nuna jihar Kano na da mutum fiye da miliyan 9. Kin kuma san ma'aikatan rigakafin shan inna da ke rubutu da alli a bangon gida. Da taswira suke bin unguwa gida-gida don kada a tsallake yaro. To, dabarar ke nan, kuma ke ma za ki iya daga cikin ɗakinki.

Samu takarda da biro. Sa gidanku a tsakiya, ki ja layukan da ke kewaye. Ki sa alamar makarantar boko da Islamiyya, masallaci, asibiti, injin niƙa, bakin titi da wurin da leburori ke aiki. Abin da ba ki sani ba ki tambayi maigida, ko yara in sun taso daga makaranta, ko dillaliya, don ita babu gidan da ba ta shiga. Matambayi ba ya ɓata.

Sai ki amsa tambayoyi uku. Su wa ke zaune ko wucewa a nan? Da wane lokaci? Wa ya riga ki sayar musu da abin da kike tunani?

In makaranta ce kusa da ku, kayan ƙananan kuɗi ne za su tafi: alawa, gullisuwa, zoɓo, awara. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriya yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda haka kasuwar yara babba ce. In gwagware da 'yan haya suka yi yawa, dafaffen abinci da wanki da guga. In sabuwar unguwa ce mai amare da masu jego, ki duba turaren wuta, kitso, lalle, yajin jego da kayan jarirai.

Taswirar za ta kuma nuna miki inda za ki ajiye kayan. Wani a zaure zai tafi, wani sai kin ba mai kantin bakin titi ya sayar miki, ki ba shi lada. Hakan ya fi ki ɗora wa 'yarki tire ta yini tana yawo, karatu na wuce ta. In shago maigida zai kama miki, a sa wani ya zauna a wurin kwana uku, har da ranar Juma'a, ya ƙirga masu wucewa safe da yamma kafin a biya kuɗin haya. Shago mai araha a lungun da ba kowa, asara ce.

Ki fara da kaɗan, ki riƙa rubuta cinikin kowace rana, bayan wata guda ki sake duba takardarki. Arziki na Allah ne, amma an ce mu nema da dabara.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a neman kowa. Ku huta lafiya.