Kwaɗon Da Ya Ɓace Aka Sake Ganinsa

  Yau hirar tamu a kan kwaɗo ce. To, kada wata ta tashi neman zogale da ƙuli-ƙuli, ba shi nake nufi ba, ba kuma na kulle ƙofa ba. Kwaɗon ruwa nake nufi, wannan dai da kike sa yara su share miki daga bayan randa.

Can kan iyakar Gana da Togo akwai wasu duwatsu masu kurmi, inda rafuka ke gangarowa da ruwa mai sanyi garai-garai. Nan wani kwaɗo yake zaune, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai yankin. Jikinsa santsi ne da shi kamar an shafe shi da kuɓewa, kukansa kuwa sai ki ce mutum ne ke fito. Masana sun sa masa suna Conraua derooi a 1972. Daga shekarun 1980 aka daina ganinsa, fiye da shekara 20 ba labari, har wasu suka fid da rai. Sai a 2005 masu bincike suka sake cin karo da shi.

Me ya kusa ƙarar da shi? Abu uku ne. Mutane na kama shi suna ci. Ana sare itatuwan da ke yi wa rafin inuwa don a yi gona. Sannan ga wanki da wanka a cikin rafin. Kin ga, shi kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar ni da ke. Ta fatarsa yake tsotsar ruwa, har numfashi yana yi ta nan. Don haka duk abin da aka zuba a ruwa, sabulu ne ko maganin feshi, kai tsaye jikinsa yake shiga. Shi ya sa idan rafi ya fara lalacewa, kwaɗi na cikin waɗanda ke fara shan wahala.

Wani masani ɗan Gana, Caleb Ofori-Boateng, shi ya ɗauki abin da zafi. Ya yi ta zama da sarakuna da mutanen ƙauyuka yana yi musu bayani, har suka yarda suka ba da filinsu eka 847. A 2018 aka keɓe wurin, kusa da garin Amedzofe, aka kira shi Onepone. Mutanen da a da suke farautar kwaɗon, su suka koma masu tsaronsa. A 2019 aka ba shi lambar yabo ta Whitley a Ingila saboda wannan aiki. Har yau dai kwaɗon yana cikin halittun da ake jin tsoron ƙarewarsu, amma ya sami mafaka.

Na san wata za ta ce, "To ni da nake cikin ɗakina a Katsina, ina ruwana da kwaɗon Gana?" Yar uwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi a duniya suna fuskantar ƙarewa. Mu ma nan, ki tambayi iya ko gwaggo yadda kukan kwaɗi da burduddugi ke cika unguwa da damina a zamaninsu, ki gwada da yanzu. Kududdufai da yawa an cike su an yi gini, waɗanda suka rage sun zama juji. Alhali kwaɗon nan ma'aikaci ne da ba a biyansa, kwana yake yana cin ƙwari a gida da gona.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. Ruwan da ya fita ta rariyarki bai tsaya ƙofar gida ba. Kwata yake bi, kwata ta kai shi rafi irin su Ginzo, masu lambu kuma su ja shi su ba latas da alayyafo. Gobe yaro ya sayo miki su, su dawo cikin tukunyarki. Abin da ya kashe talibambam a rafi, ai ba zai yi wa cikin ɗanki daɗi ba.

Saboda haka ga abin da za ki iya, ba sai kin taka ko zaure ba. Ragowar fiya-fiya, baƙin man janareta da mataccen batir, kada a zuba su a rariya. Ki tara leda wuri ɗaya. Yaron da kike ba shara, ki tambaye shi inda yake kai ta, ki ja masa kunne kada ya juye a kwata. In maigida manomi ne, ki lallaɓa shi cikin hikima, irin ta ku da kuka fi kowa iyawa, kada ya wanke tankin feshi a bakin rafi. Yara kuma a hana su jifan kwaɗi don wasa. In ya shigo tsakar gida, tsintsiya ta isa a raka shi waje.

Damina mai zuwa, in an yi ruwan dare, ki ɗan kasa kunne ki ji ko kwaɗin unguwarku na nan.