Plesetsk: Sansanin Harba Kumbo Na Sojan Rasha



Duk wanda ya ɗauki taswirar Rasha, ya ɗora yatsansa a kan Mosko, sa'an nan ya ja shi arewa misalin kilomita 800, har ya shiga dajin nan na lardin Arkhangelsk inda hunturu ke cin rabin shekara, to, ya iso Plesetsk, wurin da nake nufin mu yi nazarinsa yau. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba masana ilmin falaki suka zaɓi wannan wuri ba. Hafsoshin yaƙi suka zaɓe shi, kuma hukuncin nan nasu shi ya yanke wa sansanin irin aikin da zai iya da wanda ba zai iya ba har yau.

A shekarar 1957, sa'ad da gaba ta yi tsanani tsakanin Tarayyar Sobiyet da Amurka, hukuma ta umurci a kafa sansanin makami mai linzami samfurin R-7, aka ɗora Kanar Mikhail Grigoryev a kan aikin, aka kuma laƙaba masa sunan ɓoye, Angara. Dalili kuwa a fili yake: hanya mafi kusa daga Rasha zuwa biranen Amurka ita ce ta kan ƙuryar arewa ta duniya, ga daji mai duhu da zai suturta gine-gine, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Mosko zuwa Arkhangelsk ta ratsa nan. Aka gina dandamali huɗu. Amma R-7 makami ne mai nawa, domin kananzir yake sha da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, wadda ba ta ajiyuwa a cikinsa, sai an shafe sa'o'i masu yawa ana shiri kafin ya tashi; kuma makamin da ke bukatar yini guda, alhali abokin gaba na iya kawo farmaki cikin mintoci, ai amfaninsa kaɗan ne. Saboda haka aka karkata dandamalan zuwa harba taurarin ɗan'adam, na farko kuwa, Kosmos-112, ya tashi ran 17 ga Maris, 1966.

A nan ne wani abin al'ajabi ya auku. Wani malamin kimiyya, Geoffrey Perry, da ɗalibansa a makarantar sakandare ta Kettering a Ingila, waɗanda suka saba sauraron siginar taurarin Rasha da rediyo, suka lura cewa hanyar wannan tauraro ba ta dace da Baikonur, tashar kumbon Sobiyet da aka sani, ba. Suka yi ta hisabi har suka nuna inda sabon sansanin yake kafin shekarar ta ƙare. Duk da haka hukumar Sobiyet ba ta yi iƙirarin wanzuwarsa ba sai a 1983.

Yanzu ga hikimar da ke cikin al'amarin. Duniya tana juyawa gabas, kuma saurin juyawarta a tsakiyarta ya haura kilomita 1,600 a sa'a, amma a Plesetsk, da ke wajen daraja 63 arewa, bai kai rabin haka ba. Don haka rokar da ke neman falakin da tauraro ke tsayawa daidai kan wuri guda, wahala take sha daga can. Sai dai tauraron leƙen asiri, da na yanayi, da na sadarwa irin Molniya, waɗanda ke bi ta arewa mai nisa, wannan wuri ya fi dacewa da su. Shi ya sa aka yi harbi fiye da 1,500 daga nan, alhali ba a taɓa tura mutum ko ɗaya sama daga cikinsa ba.

Ba za a rufe ido ga musibar 18 ga Maris, 1980 ba, ranar da roka Vostok-2M ta fashe ana zuba mata mai, ta halaka mutum 48. Kwamitin bincike ya ɗora laifi a kan ma'aikatan, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba su da bakin kare kansu. Sai bayan kusan shekara ashirin aka tabbatar cewa dalmar da aka liƙe rariyar wani sinadari da ita ce sanadi, aka wanke su. A ra'ayina, wannan zalunci ya fi fashewar kanta muni.

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, Baikonur ya faɗa cikin Kazakistan, Rasha ta koma 'yar haya a can, sai darajar Plesetsk ta ƙaru. A 1994 Shugaba Yeltsin ya ba shi matsayin tashar kumbo ta ƙasa. A yau dandamalan fili na 43 suna harba roka Soyuz, fili na 35 kuwa na sabuwar roka Angara ne, wadda ta fara tashi a 2014, kuma har yanzu ana gwajin makamai daga nan zuwa Kamchatka. Mu ma muna da rabo a tarihin wurin, domin daga wannan daji ne roka Kosmos-3M ta ɗauki NigeriaSat-1, tauraron Nijeriya na farko, a watan Satumba, 2003.