Hayaniyar Lantarki da Kuskuren Ƙidaya



Batunmu na yau ƙidaya ce. Ƙaramar kwamfutar da ke cikin mitar ruwa, wadda aikinta ƙirga bugun lantarki duk sa'ad da farfela ta juya, ba ta da basirar rarrabe sahihin bugu da na ƙarya. Saboda haka idan wayarta ta bi kusa da ta injin famfo, sai ta lissafa hayaniyar lantarkin injin a matsayin ruwa.

Maganin farko, a raba wayoyin. A raba su tukuna. Sa'an nan a sa kafasita dab da ƙafar kwamfutar domin ta shanye hayaniyar, amma fa kada ta cika girma, don kada ta haɗiye sahihin bugun ma.

Masu gyara, ku binciki waya kafin ku tuhumi manhaja.