Majalisar 'Yan Dara Ta Gindin Tsamiya



Mun tashi mun tarar da majalisar dara a gindin tsamiyar bakin kasuwa: gurbi 30 a ƙasa, wannan da karare 12, wancan da tsakuwa 12. Ba su da rajista, amma kowa da mazauninsa. Baƙo kan daɗe yana kallo kafin a miƙa masa kara, kuma ba ya zama ɗan gida sai an raɗa masa laƙabi. Wanda aka kwana biyu ba a gani ba, a bi sawunsa bayan la'asar. In jinya ce, a yi karo-karo. Mu mazauna birni, wa ke cigiyarmu haka?

Yanzu an yanka filin, za a gina shaguna. Muna roƙon ƙungiya ta samar wa dattawan nan rumfa kafin damina ta faɗi.