Zanen Lalle a Cikin Gida: Jawabi a Taron Zagayowar Shekarar Ƙungiya

Uwar ƙungiya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu da 'yan'uwa mata, barkanmu da ganin wannan rana. An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan masu zanen lalle a cikin gida. Mu da ke zaune a kasuwa muna sayar musu da garin lalle da mahallabiya da salatif, kukansu a kunnenmu yake sauka.

Mai kallo gani yake sana'a ce mai sauƙi: tabarma, leda, sai hannu mai kyau. To, ba haka ba ne. Zane yana son haske, yana son wuri mai tsabta, yana son lokaci ya bushe. Ɗakunanmu kuwa duhu gare su, wuta ba ta zama. Idan aka fito tsakar gida, da hunturu ƙura ta bi ɗanyen zane, sanyi ya hana lalle kamawa. Da bazara gumi ya caɓe shi. Ga yaro mai rarrafe, ga akuya, ga tukunya a kan murhu. Amarya na zaune awa uku ko huɗu hannu a sama, maigida ya dawo yana jiran tuwo. Shi ya sa muke ba da shawara a keɓe rumfa ɗaya, ko ta zana ce, a sa fitilar sola, a kuma faɗa wa mutanen gida lokacin aiki tun da wuri.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Kasuwar lalle ba ta kullum ba ce. Jajiberin Sallah ƙarama da babba, sai bayan kaka da ake ɗaura aure. Da damina kowa na gona. Kaya kuma daga Kano suke zuwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya hau kan kowace leda. Ga kuma bashi. Da yake a gida ake aikin, 'yar ƙanwar miji za ta miƙo hannu, maƙwabciya ta ce "sai an kawo kuɗin kunshi." Kunya ta hana tambaya. Da yamma a ɗebi cinikin a sayi maggi da manja. Sallah na wucewa sai a nemi jari a rasa.

Nan ne karatunmu ya yi rana. Wadda ta iya rubuta sunanta da lambobi ta iya riƙe littafi. Layi uku kacal: abin da aka saya, abin da aka karɓa, wanda ake bi bashi. A yanka farashi kafin a ɗora leda a fata: hannu nawa, ƙafa nawa, amarya da ƙawayenta nawa. A karɓi rabi kafin ranar biki. Kuɗin sana'a a gwangwaninsa, na cefane a nasa. Idan za a yi wa dangi kyauta a yi, zumunci ne, amma a rubuta shi a san kyauta aka yi.

Abu na ƙarshe ya fi kuɗi nauyi. Lalle na asali ja ne. Baƙin da 'yan mata ke so, yawanci dayis ɗin rinin gashi ake haɗawa, kuma akwai sinadari a cikinsa da ake kira PPD wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, har fata ta tashi ta bar tabo daidai siffar zanen. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, karo na biyu ya fi tsanani. Ku duba fa, amarya ce ana saura kwana biyu a kai ta. Don Allah a riƙa tambaya ko ta taɓa yi ya dame ta. Kada a sa wa jarirai da ƙananan yara. Mai zanen ma ta sa safar hannu, ita ce ke taɓa shi kullum. In fata ta tashi, a wanke a tafi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Roƙonmu ga shugabanni biyu ne. A haɗa kuɗi daga adashe a saro kaya gaba ɗaya kafin azumi, mutum ɗaya ta je Kano a madadin kowa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan a zauna a tsayar da farashi ɗaya a nan Babura, don kada mu riƙa karya wa juna kasuwa.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya nuna mana ta baɗi lafiya.