Kunnen da ya tsage yana ɗinkuwa

Ina gaida Hajiya shugaba, da iyayenmu da ke zaune a gaba, da malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, da sauran 'yan'uwa mata. Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya tamu albarka, ya nuna mana na baɗi lafiya. An ce kowace ta yi magana a kan abin da ya shafi sana'arta. To ni kun san sarƙa da 'yan kunne nake sayarwa, saboda haka maganar kunne zan yi. Da hannuna na rubuta, in kun ji na tsaya, haƙuri za ku yi, rubutun nawa ne nake lalube.

A rumfata kusan kullum sai na ga kunnen mace, domin ba mai saye sai ta ɗaga hijabi ta gwada. Abin da nake gani yana da yawa. Wata hujin ya ja ya yi tsawo kamar ramin maɓalli, ɗan kunnen yana reto yana kallon ƙasa. Wata kuwa ya riga ya ratsa, fatar ta rabu biyu. Sai ta yi sauri ta rufe, ta ce a ba ta mai maƙalawa. Akwai wadda ta daina zuwa biki saboda wannan, ga gwal ɗinta na lefe a akwati yana kwana.

Me ke kawo shi? Nauyi ne kan gaba. Fatar ƙasan kunne ba ƙashi a ciki, ba guringuntsi, nama ne mai laushi da kitse. Ki rataya mata kaya daga walima zuwa kamu zuwa ɗaurin aure, shekara da shekaru, dole ta gaji. Sai kwana da 'yan kunne. Sai gyale mai duwatsu da ke kamawa. Sai kuma ɗan goye, wanda in ya ga abu na ƙyalli ba ya shawara da kowa. Wani lokaci kuma tun wurin huji ne aka huda can ƙasa kusa da baki. Akwai kuma 'yan kunnen araha da ƙarfensu ke sa ƙaiƙayi da ruwa. Wurin yana jiƙe, yana ci a hankali. Ana cewa jiki ya fi kunne ji, to a nan kunnen ne da kansa yake ji.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. In tsagar ta daɗe, kowane gefe ya riga ya warke, fata ta rufe shi. Fata da fata kuwa ba sa haɗewa, kamar yadda yatsunki biyu ba za su manne ba ko shekara kika yi kina matse su. Shi ya sa masu ɗiga gam ɗin Super Glue suke wahalar banza. Na ga wadda ta yi, kwana biyu ya ɓalle, ya bar mata ƙuna. Haka masu ɗaurewa da zare, da masu zuwa a kankare musu da reza a gida ko a kemis. Haba jama'a! Reza ko allurar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗauko ciwon hanta, har da ƙanjamau.

A asibiti abin ba wani babba ba ne. Ba a sa ki barci. Allurar kashe zafi ake yi a kunnen kawai. Likita ya yanke ɗan siririn fatar da ta rufe bakin tsagar, ya zama sabon ciwo, sannan ya haɗa gaba da baya da zare mai siriri, ya daidaita bakin don kada ya bar gibi. Yawanci ba ya kai awa ɗaya, ki koma gida ranar. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a cire zaren. Wanda hujin ya buɗe kawai bai ratsa ba, shi ma haka ake rufe shi. Sashen da za ki nema shi ne na kunne da hanci da maƙogwaro, ko na likitocin gyaran fata. Mu nan Kaduna ma Allah ya hutar da mu, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana garinmu. Ki tambayi kuɗin tun kafin a sa miki rana. In kina da ciwon suga ko kina shan asfirin kullum, ki faɗa. Ki kuma tambaya yaushe ruwa zai taɓa wurin, saboda alwala da wanka.

In kuwa yanzu-yanzu ya tsage, jini na zuba, ki danne da ƙyalle mai tsabta ki tafi a ranar, kada ki zuba toka ko garin magani. Za su duba ko kina bukatar allurar tetanus.

Sabon huji sai an yi haƙuri. Likitoci kan ce a jira kamar wata uku, kuma ba a kan tabon ake hudawa ba, a gefensa ne, don tabo bai kai lafiyayyar fata ƙarfi ba. Mai bikin ƙanwa bayan Sallah, sai ta yi lissafi tun yanzu.

Akwai abu ɗaya da ya fi tsagar ban tsoro. Kun san wannan tsiron naman da ke fitowa a bayan kunne, mai tauri, mai sheƙi, yana ƙaiƙayi, wani har ya kai ƙwallon goriba? Likitoci suna ce masa kiloyid. Tabo ne da ya ƙi tsayawa inda ciwo ya tsaya. Ya fi kama mu baƙar fata, kuma yana bin dangi. Ba maita ba ce, ba kuma kishiya ba ce, a bar baiwar Allah ta huta. In aka yanke shi kawai, sau da yawa yakan dawo, har ya fi na da. Shi ya sa ake haɗawa da allurai a cikin tabon, wata bayan wata. Duk wadda jikinta ke irin wannan tabo, ko akwai shi a gidansu, ta faɗa wa likita kafin ya taɓa ta. Kuma 'yan matan nan namu masu son huji na biyu da na uku har saman kunne, iyaye a duba. An fi ganin tsiron ga waɗanda aka huda bayan sun girma.

Wata za ta ce, ke da kike sayarwa, ba kya tsoron kasuwarki? Ina dai tsoro. Amma mace mai tsagaggen kunne ba ta sayen komai a wurina sai mai maƙalawa guda ɗaya. Manyan nan na amare ku saya, ku sa na awa uku, ku cire a mota. Na kullum ya zama ƙarami mara nauyi, mai faffaɗan matoshi a baya. Ɗora shi a tafin hannu kafin ki biya. In kin ji shi a hannu, kunne zai fi ji.

Roƙona ga shugabanni, wannan rancen rashin lafiya da muke ba juna daga asusu, a sa ɗinkin kunne a ciki, a daina cewa kwalliya ce. Masu bukata su ba sakatariya suna a asirce bayan an tashi, mu haɗu mu tafi tare ranar da ba kasuwa sosai.