Asali, Jini da Katin Asibiti



Tambayar da ke gabanmu yau ita ce, me ya sa cuta ɗaya takan kayar da wasu mutane ta ƙyale maƙwabtansu? Masana sukan nemi amsa ta hanyar auna ƙwayoyin gado da ke cikin jini, waɗanda ke nuna asalin mutum, sa'an nan su gwama su da abin da ke rubuce a katin asibitinsa. Ni malamin harshe ne, saboda haka ta ƙofar kalmomi zan shiga.

Bahaushe ya daɗe da sanin amosani, ya kuma san wabi, watau mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna mutuwa da ƙuruciya. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Dokta Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen, suka buga sakamako a 1979. Kimanin jarirai 2 cikin 100 an haife su da amosanin jini, watau sikila, amma da ƙyar aka sami baligi mai ita, domin yawancinsu ba su girma ba. Waɗanda suka gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kuwa, 24 cikin 100 ne a jarirai, 29 a waɗanda suka wuce shekara biyar, domin rabin gadon yana kāre yaro daga zazzaɓi mai tsanani. Da ba a rubuta shekaru da jinin kowa ba, da wannan bai fito fili ba.

Misali na biyu daga Burkina Faso yake. A 1996 David Modiano da abokansa suka kwatanta Fulani da Mosi da Rimaiɓe, masu zama wuri ɗaya, sauro ɗaya yana cizonsu. Suka tarar Fulani sun fi sauran jure zazzaɓi. Abin lura shi ne Rimaiɓe Fulatanci suke yi, suna zaune a cikin Fulani, amma asalinsu dabam, kuma jikinsu ya bi na Mosi. Ashe harshen da mutum ke yi bai isa shaidar jininsa ba.

To, mu dawo gida. A ƙasar Gwandu, tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Fulani da Kabawa da Zabarmawa da Arawa suke zaune tare suna auratayya, Hausa kuma ta haɗa bakinsu. Idan mutumin Dodoru ko Kalgo ya je asibiti, akawu ya ji Hausarsa ya rubuta "Bahaushe", ya faɗi gaskiya game da harshe, amma bai faɗi kome game da gado ba. Mai binciken da ya dogara da wannan kalma zai haɗa mabambanta, ya raba 'yan'uwa. Haka kuma wanda ya dogara da jini kaɗai zai manta da fadama da saurenta na sauro, da nisan asibiti, da talauci. Yaron Garki mai sikila ya mutu, takwaransa na Ingila mai irin jininsa ya girma, saboda bambancin kulawa.

Saboda haka roƙona uku ne. Ma'aikatan lafiya su riƙa rubuta shekaru da mazauni da irin jini, su adana katin, gama abin da aka rubuta ba ya mantuwa. Masu bincike su bayyana wa mutane nufinsu da Hausa kafin su ɗibi jininsu, kada kuma sakamako ya zama abin gori tsakanin ƙabilu. Ku kuma ɗalibai, ku auna jini kafin aure, kamar yadda Jihar Kano ta wajabta a 2024, domin idan miji da mata duka suna da rabin gadon, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.